Turancin Kakana Bunu

Kakana Bunu masunci ne a wani ɗan ƙauye da ke bakin fadama, gabas da Haɗeja, kusa da Guri. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga rowar magana. Da yake ni jikarsa ce, nakan tsokane shi in ce Bature ya yi asarar tafinta da bai ɗauke shi aiki ba. Ko murmushi ba ya yi. A duk garin shi kaɗai ya san Turanci, amma Turancin nasa bai fi cikin cokali ba, kuma babu kalma mai daɗi ko ɗaya a ciki.

Ya samo shi ne shekarar da aka ja layin dogo zuwa Nguru. Bulama, mai garinmu, ya sa shi cikin waɗanda aka ɗiba aikin tilas, ya bar gorar da yake hawa ruwa da ita, ya tafi ɗaukar ƙasa da ƙarfe. A can ya ji yadda leburori 'yan kudu suke kai kuka wurin Baturen aikin: tayad in sun gaji, hebi in kaya ya fi ƙarfinsu, hongiri in yunwa ta ci su, sik in ciwo ya kama su. Ya kuma ga abin da ke biyo baya. Wanda ya ce tayad, helma, shugaban leburori, ya zuba masa bulala. Wanda ya ce sik, sai a kai shi wata rumfa a bayan sansani, inda masu zawo suke kwance ƙuda na binsu. Amininsa Abubakar, wanda suka taso tare, ya faɗi kalmar nan. Da ƙafarsa ya shiga rumfar, a tabarma aka fito da shi. Kakana ma ya yi zazzaɓi, amma ya cije, ya ci gaba da ɗaukar kwando yana ganin jiri, har ya dawo gida da ransa.

Tun daga nan tsoro ya zauna masa a ciki. Da an ce Bature ya fito rangadi, sai ya hau gorarsa ya shige can cikin ciyawar fadama, ba a ganinsa sai baƙon ya bar ƙasar. Yaran gidansa kuwa da labarin rumfar nan suka girma.

Babana Zarami shi ne ɗansa na fari, kuma shi kaɗai ne namiji. Wata shekara kogi ya yi ambaliya, babana ya yi kwanaki cikin ruwa yana ceton shinkafarsu, ya fito da tari. Tarin ya ƙi tafiya, wani lokaci har da ɗigon jini. Ana haka sai babban yaƙin Turawa ya ɓarke, aka fara ɗiban gwamna: a kwashi maza a kai su tonon kuza a duwatsun Jos, inda ake cewa sanyi na kashe mai lafiya ma. Bulama ya ce gidanmu ma zai ba da mutum ɗaya, wato babana. A lokacin mahaifiyata Barira tana da cikina, kuma daga bakinta na ji sauran labarin.

Da safen da za su tafi, kakana ya zaunar da babana a ƙofar ɗaki.

"Kai, buɗe kunnenka. Ko me Bature ya tambaye ka, kada ka kuskura ka ce sik. Ko da Hausa tafinta ya tambaye ka, ka ce lafiyarka lau. In tari ya taso, haɗiye shi."

"To, Baba."

Kakata Zainaba ta kasa haƙuri, ta ce, "Malam, yaron nan fa ba shi da lafiya. A faɗa musu mana, ko sa tausaya."

"Ke kin ga rumfar? Ni na gan ta," in ji shi. Maganar ta ƙare a nan.

Ba a daɗe ba sai ga maƙwabcinmu Usman, wanda aka ɗiba tare da babana, ya dawo da ƙullin kayansa. Gari ya taru a kansa. Ya ce a Haɗeja an jera su gaban likita. Duk wanda ya ce ba shi da lafiya, likita ya sa masa roba a ƙirji, in ya ji wani abu ya sallame shi gida. Shi ma da haka ya tsira.

"Yaron nawa fa?" in ji kakana.

"An tambaye shi, ya ce garau yake, aka wuce shi. Yanzu suna tashar Malam Madori suna jiran jirgi."

Mahaifiyata ta ce ba ta taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Damina ce, hanya duk ruwa ya cinye ta. Tsohon ya ɗauki gorarsa, inda ruwa ya hau ta, inda tudu ya ɗora ta a ka. Ko ruwan sha bai tsaya nema ba.

Ya isa tasha ana loda mutane a tarago. Mutumin da ya yi shekaru yana ɓuya wa Bature, ranar shi ne ya doshi Bature kai tsaye, yana nuna tarago yana ihu, "Sik! Sik!" Wani ɗan doka ya kwaɗa masa kulki a ka, jini ya wanke masa fuska, amma bai daina ba. Baturen ya tsaya, ya sa tafinta ya tambaye shi wa yake nufi. Kunyar ɗan fari ba ta taɓa barin kakana ya ambaci sunan babana ba, amma ranar ya kwarma shi a gaban jama'a.

Aka kawo babana bakin ƙofar tarago. Tafinta ya ce, "Kullum sai iyaye sun zo mana da irin wannan. Kai da bakinka ka ce wa likita lafiyarka lau. In ƙarya ka yi, da kai da tsohon nan duk gidan yari za ku. Kana da ciwo?"

"Faɗa musu!" in ji kakana. "Yi tarin su ji! Na yi kuskure, faɗa musu!"

Babana ya dubi jinin da ke fuskar ubansa, ya dubi kulkin da ke ɗage a kansa. Ya miƙe ƙyam.

"Lafiyata lau, ranka ya daɗe. Tsohon ne ya ruɗe, ku yi haƙuri ku ƙyale shi."

Aka ja ƙofa aka rufe. Sai a lokacin tarin ya ƙwace masa, kakana yana jiyo shi ta cikin katako. Ya bi jirgin da gudu yana dukan jikin tarago har ya faɗi.

Da rani waɗanda suka rayu suka dawo, an riga an haife ni. Ɗaya daga cikinsu ya shigo gidanmu ya ajiye bargon babana a gaban kakana. Tsohon ya daɗe yana kallon bargon, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Sun kai shi rumfa?"

"A'a, Baba. Akwai ɗakin magani a can, wasu ma sun warke. Mun yi mun yi da shi ya je, ya ƙi. Har ranar da ya faɗi a bakin rami, bai taɓa ce musu ba shi da lafiya ba."