Kyandir a ƙarƙashin kofin Firmin

Yayana Firmin shekara arba'in da ɗaya ya yi yana yi wa hancinsa bauta. A ƙauyenmu na Gaskoni a ƙasar Faransa, inda ko ƙwai ba a soyawa babu tafarnuwa, shi sai ranar Lahadi yake cin ta. Matarsa Odile har ta rasu ba ta shafa turare a ɗakinta ba. Duk don ya shiga rumbun barasa na gonar da muke wa aiki, ya sunsuni ganga, ya faɗi shekarun barasar armanyak ɗin da ke cikinta. Ni wanke kofuna ne aikina, da ruwan zafi zalla, don in na sa sabulu sai ya ji, ni ma kuma sai na ji a jikina.

A lungun rumbun da muke kira aljanna, inda ake ajiye tsofaffin barasa, akwai tulun gilashi guda na wadda mahaifinmu ya tace da hannunsa a 1962. Uwar gonar, wato mai ita, ta yi wa Firmin alkawari a gaban mutane cewa ranar da zai bar aiki, kofin ƙarshe na tulun nan nasa ne. Bai taɓa roƙon komai ba sai wannan.

Shi ke karɓar baƙin da ba su taɓa ɗanɗana tsohuwar barasa ba. Zai miƙa maka kofi mai tsukakken baki, ya ce ka riƙe shi daidai ƙirji tukuna, sannan haɓa, don in ka cusa hanci kai tsaye zafin zai toshe maka shi. Sai a zauna a jira. Mai gaggawa kuwa ya sha magana.

"Abin da ya yi shekara arba'in yana jiran ka, kai ka kasa jiran sa minti goma? Ɗigo ɗaya a harshe, malam, ba ƙishirwa ta kawo ka ba."

Da uwar gonar ta rasu, 'ya'yanta suka ɗauko mana wani Thibault daga birni, mai ƙamshin turare tun daga bakin ƙofa. Ya zo da kofuna manya kamar ƙwarya, da wani ɗan ƙarfe da ake ɗora kofi a kai a kunna kyandir a ƙasa. Firmin ya gaya masa cikin ladabi cewa wuta korar ƙamshin take yi ta bar zafi, ɗumin tafin hannu ya isa.

"Baba Firmin, baƙon yanzu hoto ya zo ɗauka," in ji Thibault yana dafa masa kafaɗa. "Wa ya taɓa ɗaukar hoton ƙamshi?"

Sati bai zagayo ba aka raba yayana da baƙi, aka mai da shi gungura ganguna. Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce ya je ya sami 'ya'yan marigayiya, ya ce in bari, saura masa shekara biyu, kuma ba ya son abin da zai taɓa alkawarin nan. Yana ji yana gani aka yi ta ɗibar tulun ana sayarwa, shi dai kullum sai ya leƙa ya ga ko an bar masa nasa.

An bar masa, ba zan yi wa Thibault ƙarya ba. Ranar sallama da tsakar rana aka jera tebura a tsakar gida, aka gasa agwagi. Thibault ya yi jawabi har da ƙwalla, sannan ya ce irin wannan barasa ta cancanci girmamawa. Ya juye ta duka a ƙaton kofinsa, ya ƙyasta ashana ya kunna kyandir a ƙarƙashinsa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da zuciya ɗaya ya yi, shekara biyu bai ji ko kalma guda ta Firmin ba.

Na yunƙura zan tashi, Firmin ya damƙe mini wuyan hannu a ƙarƙashin tebur. Can sai ƙamshi ya cika wurin, busasshen ɓaure da zuma da tsohon katako. Mutane suka hau lumshe ido suna yabo, Firmin kuwa ya san tafiya ƙamshin yake yi. Aka miƙa masa kofin da zafinsa, ya karɓa hannu biyu, ya shanye, har ya ce an gode.

A hanyar gida ban rage masa komai ba. Na ce haƙurinsa ya zama cuta, mai hanci irin nasa ya rasa bakin cewa a kashe kyandir. Ya ce mutumin a gaban jama'a yake, ba a kunyata wanda ya zo karrama ka. Na ce to ya ji daɗi. Muka yi tafiya har gadar rafi, sannan na tambaye shi yaya ɗanɗanon barasar Babanmu yake.

"Ban sani ba, Maïté," ya ce. "Zafi kawai na ji."