Sarƙar Ƙofar Laburare

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana Malam mai kula da laburare ya ja ƙofa, ya zarga sarƙa, ya danna kwaɗo daga waje, mu uku muna ciki. Babu wadda ta ɗaga kai a cikinmu, domin haka yake yi kullum. In Azahar ta yi ba ya korar masu karatu. Kulle su yake yi ya tafi masallaci, daga can ya zarce wurin mai tuwo a bakin titin Funtua, ya dawo lokacin da ya ga dama. A ganinsa alfarma yake yi mana.

Abin da yake tsarewa da wannan sarƙa kuwa, rabinsa gara ta riga ta karanta. Amma yana da dokoki. Jaka da waya a ofishinsa ake ajiye su ya kulle, saboda an taɓa sace ƙamus tun kafin mu shigo kwalejin. Takalmi kuma a baranda, saboda wani ɗan siyasa ya shimfiɗa mana jan kafet gabanin zaɓe, kuma Malam yana ji da kafet ɗin nan kamar shi ya haife shi.

Ni na fi kowa cin wannan alfarma. Daga Mahuta na zo, ban iya hayaniyar ɗakin kwanan ɗalibai ba, ban iya kallon idon mutum in yi magana ba. Kullewar ma daɗi take yi mini. Sauran biyun ranar, ɗaya 'yar ajinmu ce daga Malumfashi, Kirista, mai bakin tsiya, wadda fanka ke kawo ta ba littafi ba. Ɗayar matar aure ce mai tsohon ciki, duk muna ce mata Yaya.

Ina cikin karatu na ji ihu daga wajen ajujuwa, sannan gudu, sannan wani yana cewa, "Sun shigo." A yankinmu ba a tambayar su wane ne. Muka leƙa ta taga. Na ga malamai da manyan riguna suna tsallake kwata. Na ga motar shugaban kwamitin tsaro na kwalejin ta fita da gudu, shi kaɗai a ciki, ɗalibai suna buga masa gilashi. Ba wanda ya waiwayi laburare.

'Yar Malumfashi ta girgiza ƙofa, sarƙa ta amsa. Tagogin duk da ƙarafa. Na ce mu koma bayan kantocin littattafai na ƙarshe mu zauna a ƙasa, mu yi shiru. Na kashe fanka. Har na ɗan ji sanyi a raina, na ce duk wanda ya ga kwaɗo a waje zai ɗauka ba kowa.

Sai 'yar Malumfashi ta matso kunnena ta ce, "Takalmanmu."

Suna nan a baranda, dab da ƙofa. Ni ce ma na jera su da safe, nawa da nasu, domin ba na son ganin takalmi a warwatse.

Ba a daɗe ba muka ji takun mutum ɗaya. Ya tsaya. Gilashin taga ya fashe, bakin adda ya shigo tsakanin ƙarafa ya koma. Ta tsakanin littattafai na hango fuskarsa, na gane shi. Ba 'yan bindiga ba ne. Tsohon ɗalibi ne da aka kora zangon da ya wuce saboda satar amsa. A ɗaya hannun yana riƙe da gorar fetur, irin wadda ake sayarwa a bakin hanya.

"Na ga takalma," ya ce. "Wa ke ciki?"

Muka ƙara lafewa a bayan kantocin.

"Malamin da ya kama ni, nan ya ɓuya ko? Ku yi magana, ba da ku nake ba."

Yaya ta dafa kantar littattafai ta miƙe. Na ja zanenta, ta ture hannuna.

"Ƙanena, mata ne kawai. Mu uku ne, ka ga ni ma halin da nake ciki."

"To ku buɗe in duba."

"Da me za mu buɗe? Ba ka ga sarƙa ba?"

Ya yi dariya, ta gaske. "Har yanzu tsohon nan bai daina ba?"

Ya koma ƙofa ya yi ta saran sarƙar. A duk kwalejin nan, inda famfo ba ya kawo ruwa kuma kujeru ke karyewa da mutum, sarƙar nan kaɗai aka sayo mai kyau. Ko gezau ba ta yi ba. Da ya gaji sai ya ce tunda ba mai fitowa, wanda ke ciki zai fito da kansa. Muka ji tsiyayar fetur a ƙarƙashin ƙofa. Jan kafet ya shanye, duhun jiƙar yana tahowa wajenmu a hankali. Yaya ta fara salati. 'Yar Malumfashi ta riƙe hannuna tana addu'arta. Ni ƙarafan taga nake kallo, ina neman wanda ya yi tsatsa. Babu.

Muka ji yana lalube aljihu. Ya yi tsaki.

"Akwai mai ashana a cikinku?"

Ya sake tsaki, takunsa ya yi nisa.

Daga baya muka ji cewa ashanarsa ta faɗi lokacin da ya haura katanga, bayan ya sari mai gadi a hannu. Ya nufi teburin mai shayi neman wata, a nan 'yan acaba na bakin ƙofar kwaleji suka taru suka danne shi. Amma mu a lokacin ba mu san haka ba. Abin da muka sani shi ne ya tafi neman wuta. Muka koma lungu mafi nisa, muka toshe hanci da mayafi. Yaya ta yi amai har sau biyu. Duk motsin da muka ji a baranda, sai mu ce shi ne.

Sai bayan La'asar Malam ya dawo. Labari ya same shi a wurin mai tuwo, ya ga ya fi dacewa ya jira ƙura ta lafa. Ya buɗe kwaɗo, ya shaƙi wari, ya dubi ƙasa.

"Inna lillahi. Kafet."

"Sannu, Baba," in ji 'yar Malumfashi. "Allah ya ba shi lafiya."

Cikin makon aka tara mu a babban ɗakin taro. Shugaban kwamitin tsaro, wanda motarsa ta riga kowa fita, shi ya koya mana yadda ake tsira: a gudu in da hanya, in babu a ɓuya, a kulle ƙofa daga ciki, a kashe ƙarar waya, a sanar da hukuma. Ya faɗe su tiryan-tiryan, da alama ya kwana yana haddacewa. Sannan ya ce abin alfahari ne yadda aka rufe laburare a kan kari bisa tsarin tsaro, aka ceci ɗalibai mata uku. Aka tafa. Malam ya miƙe ya ɗaga hannu yana murmushi. Yaya ba ta wurin, tana asibiti ana ƙara mata ruwa.

Washegari da Azahar sarƙa ta koma inda take.

Ni ban iya rigima ba, kuma abin da nake so ƙarami ne: a cire sarƙar, a sa sakata daga ciki. Na fara da Malam. Ya ce ba shi ya kafa doka ba, tarar da ita ya yi. Na je wurin shugaban kwamitin tsaro, ya ce wannan maganar kayan gwamnati ce, in ga shugaban harkokin ɗalibai. Na yi ta zarya ofishinsa. Yau yana taro, gobe ya tafi ɗaurin aure Dandume, jibi ya je duba gonar masararsa. A tsakanin nan, da na ji kiran salla sai in tattara littattafaina in fita in tsaya a rana, jarrabawa tana matsowa.

Ranar da na same shi yana cin gyaɗa, yana kallon waya. Na durƙusa na gaishe shi. Na faɗi abin da na tsara a raina, ban tsallake komai ba: sarƙar, ƙarafan taga, wayoyin da ke kulle a ofis, takalman da suka nuna muna ciki, fetur ɗin. Na ce ba tsari ne ya cece mu ba, ranka ya daɗe, ashana ce ta faɗi. Na ce kafinta zai sa sakata kafin a idar da salla.

"Ke ce ɗaya daga cikin ukun?"

"Ni ce."

"Masha Allah. An ji miki ciwo?"

"A'a."

"Mai cikin fa?"

"Ta sauka lafiya."

"To alhamdu lillahi."

Ya koma kan wayarsa. Na ci gaba da durƙuso, domin ban san yadda ake tashi ba tare da amsa ba. Da ya ga ban motsa ba sai na ce, a hankali, yaushe za a duba maganar sakatar.

Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa.

"'Yata, canza dokar laburare sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma ba ya zama sai an yi asarar rai. Ku kuwa ga ku nan garau. Tashi ki je aji."