Yadda Na Sa Hannu Na Rasa Sunan Kakata

A lokacin da wannan abu ya same ni, mijina bai daɗe da rasuwa ba. Na dawo gidanmu na gado a Gwammaja da 'ya'yana, ina riƙe da su da sana'ar haɗa turaren wuta da humra. Ba wani wuri na je na koya ba, a ciki na buɗe ido. Kakata ta wajen uwa daga Barno aka kawo ta Kano tana amarya, kuma da sana'arta ta zo. Har yau in na rufe ido ina ganinta a tsakar gida, ta miƙe ƙafa a kan tabarma, itacen sandal a shanye gefenta, sukari yana narkewa a tukunya, mu kuma jikoki muna daka muna tankaɗe. Ba ta awo da cokali. Ta ɗiba, ta shinshina, ta ce a ƙara kaza. Idan biki ya matso, mata daga Shahuci har Ƙofar Na'isa sukan cika mana gida, a yi ciniki, a yi hira, a ci tuwo, wasu sai la'asar suke tafiya. Ba wanda yake cewa a ba shi turare, sunan Kaka kawai ake kira, an san abin da ake nufi. Bayan rasuwarta sunan ya zauna a kan turaren, daga hannun mahaifiyata har ya iso nawa.

Akwai ɗan maƙwabciyarmu, aminiyata tun muna 'yan mata. A bayana ya yi barci yana jariri, a kwanon 'ya'yana ya ci abinci, Umma yake ce mini. Da ya gama karatun kasuwanci ya buɗe ɗan kamfaninsa na sayar da kayan ƙamshi, sai ya zo mini da shawara. Ya ce turaren Kaka ya wuce a riƙa ƙulla shi a leda. Zai samo kwalabe masu kyau, a buga sunanta a jiki, a yi wa sunan rajista don kada wani ya sace, ni in haɗa, shi ya kai kantunan Abuja da Legas. Daɗi ya kama ni. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da takardar yarjejeniya da Turanci, ya ce lauyan kamfaninsu ne ya rubuta. Ina so masu karatu su san cewa yaron nan bai cuce ni ba. Da bakinsa ya ce, "Umma, ki ba wani lauya ya duba miki kafin ki sa hannu." Na yi dariya na ce, "Ni da na goya ka zan kai takardarka gaban lauya? Miƙo mini biro." Ƙanena malamin makaranta ya yi mini faɗa da ya ji, na ce masa ya bar shiga tsakanin uwa da ɗanta.

Shekarun da suka biyo baya suna cikin mafi daɗi a rayuwata. Na ɗauki matan layinmu aiki, gida ya koma yadda yake a zamanin Kaka, ga turmi, ga dariya, ga rediyo a kan taga. Na gyara rufin ɗakinta da ke yoyo, na aurar da babbar 'yata ba tare da na roƙi kowa ba. Ranar da aka fara kawo kwalaben, mahaifiyata ta riƙe ɗaya tana shafa rubutun da yatsa, ko da yake ba ta karanta boko.

Sai yaron ya samu aiki a ƙasar waje, ya sayar da kamfanin ga wasu 'yan kasuwa da ban taɓa gani ba. Da ya zo sallama ya ce babu abin da zai canza, kuma na tabbata haka ya ɗauka. Ba a jima ba sababbin masu kamfanin suka aiko cewa in rage sandal, in ƙara sukari, in koma wani mai mai araha da za su riƙa kawowa. Na ce ba zan iya ba. Suka matsa, ni kuma zuciya ta ɗebe ni na daina ba su kaya, na ci gaba da sayarwa a gida da sunan Kaka kamar yadda muka saba. A tunanina sunan kakata ne, wa zai tambaye ni? Wata ranar Talata da hantsi, mata suna tsakiyar aiki, aka yi sallama a zaure. Ma'aikacin kotu ne da sammaci.

A ranar na fara taka ofishin lauya, ƙanena ne ya kai ni, kuma bai ce mini ai na gaya miki ba. Lauyan ya karanta takardar, ya cire tabarau, ya yi mini bayani da Hausa. Ya ce rajistar sunan da sunan kamfani aka yi ta, ba da nawa ba. Na kuma yarda ba zan sayar wa kowa turare ba sai ta hannunsu, sannan kamfanin yana da damar miƙa yarjejeniyar ga duk wanda ya saye shi. Babu inda aka ce kada a taɓa haɗin, babu ranar da yarjejeniyar za ta ƙare. Na ce ai mun yi da yaron cewa sunan nawa ne har abada. Ya ce maganar baki da wuya ta ture abin da aka rubuta aka sa wa hannu, sai fa in an yaudare ni ko an tilasta mini. Ya tambaye ni ko an yi haka. Na san abin da amsata za ta jawo, amma na ce a'a.

Kotu ta fara da ba da umarni in dakatar da sayarwa da sunan har a gama shari'a. Daga nan sai ɗage zama. Mu je, a ce alƙali ya tafi taro. Mu koma, a ce lauyansu ya nemi lokaci. Matan da ke aiki suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ban ga laifinsu ba. Ranar da na shiga akwatin shaida, lauyansu ya ɗaga takardar, ya juyo mini da ita. "Hajiya, wannan sa hannunki ne?" Na ce nawa ne. "Akwai wanda ya hana ki nuna wa lauya?" Na ce babu, yaron da kansa ya ce in nuna. Ya ce ba shi da sauran tambaya, ya zauna.

Daga ƙarshe alƙali ya ba mu shawarar sulhu, muka yi. Suka sake ni in sayar wa wanda na ga dama, haɗin kuma ya zauna a hannuna tunda takardar ba ta ambace shi ba. Sunan ya tafi da su. Yaron ya kira ni yana kuka, na ce masa babu komai tsakaninmu. Amma mahaifiyarsa, aminiyata, kunya ta hana ta shiga gidanmu. Mukan gaisa a bakin ƙofa ta wuce da sauri, kuma wannan ya fi shari'ar yi mini ciwo.

Kwanan baya a wajen wani biki, wata baiwar Allah da ba ta san ni ba ta juyo tana ce mini turaren wance ya lalace yanzu, duk ƙaurin sukari, jikokinta sun zubar mata da mutunci saboda son kuɗi. Na ce Allah ya kyauta, na tashi na canza wurin zama.

Abin da na gane shi ne, yarjejeniya ba da mutumin da ke zaune gabanka kaɗai kake yinta ba. Shi yana iya tafiya, yana iya sayarwa, yana iya rasuwa, takardar ta faɗa hannun wanda bai san ka ba. 'Yan'uwana masu sana'a a cikin gida, ko ɗan cikinki ne ya kawo takarda, ki kai wa lauyanki ya karanta miki da harshen da kike ji. Ki tambayi sunan wa za a yi rajista, yaushe za ta ƙare, kuma wa zai gaje ta. Duk abin da kuka yi alkawari da baki, ki ce a rubuta. Kunyar yini ɗaya na guje wa, ga shi yau ina haɗa turaren kakata da hannuna, amma doka ta hana ni rubuta sunanta a jikin kwalbar.