Malamar da Ta Kawo Ƙwaƙwalwar Mutum-mutumi Gyara

A rumfar Hammadu mai gyaran rediyo, cikin kasuwar Birnin Kebbi, wata doguwar mata tana tsaye rungume da kwali. Garin alli ya ɓata gefen mayafinta, shi ya sa na ɗauke ta malamar makaranta. Tana fito da wata koɗaɗɗiyar na'ura da faya-fayan kwamfuta uku irin na da.

"Ƙwaƙwalwar mutum-mutumin ɗalibaina ce," in ji ta. "Wata makaranta ta gama da ita ta ba mu. Manhajarta ba ta aiki sai a tsohuwar kwamfuta, tamu kuwa ta ƙone."

Hammadu yana jujjuya faifai ɗaya. "Wallahi Malama, duk garin ga babu mai injin da ke karanta wanga."

"'Yan mata tara suka haɗa mutum-mutumin da hannunsu a Argungu," ta ce a hankali. "Jibi ce gasar da za su kai shi."

Ta mayar da kayan cikin kwalin. Ina zaton ta yi musu alkawarin yau zai taka.

Bayan azahar na hango ta zaune a tasha, kwalin a cinyarta. Motocin Argungu biyu sun cika sun tashi, ba ta shiga ko ɗaya ba.