Matar da Ta Sa Muka Cire Malafa

Ranar kara, kafin motoci su gama sauke shanu, Sista Noeline Pascoe ta riga ta kafa kujerarta a inuwar tankin ruwa. Kujera, teburi, da fulas ɗin ƙarfe mai fitar da hayaƙin sanyi. Asibitin garinmu Kurrawin yana can bakin hanya, amma ta daɗe da gane cewa makiyayin yammacin jihar Queensland ba ya zuwa asibiti sai an kai shi a kwance. Sai ta kawo asibitin inda yake. Gaisuwarta ɗaya ce ga kowa: "Cire malafar, zauna."

Ba ƙaramar magana ba ce. Namiji a nan da malafa a ka yake cin abinci, da ita yake ciniki. Akwai waɗanda maƙwabtansu ba su taɓa ganin tsakar kansu ba.

In mutum ya zauna, sai ta rufe ido ta bi fatarsa da yatsu: saman kunne, sanƙo, hanci, leɓen ƙasa, da hannun dama da ke rataye a tagar mota. Takan ce abin da take nema, yatsa ke riga ido ganinsa. Ɗan tabo ne mai kaushi kamar harshen mage, ja-ja ko ruwan ƙasa. Sau da yawa ba ya ciwo. Ɓawonsa ya ɓare, ya sake dawowa. Tambarin rana muke ce masa, da alfahari kuwa, don shaida ce ta wanda ya yi aiki a fili. Maganinmu tun kakanni shi ne a kankare da wuƙar gyaran kofato, a shafa man da ake shafa wa tunkiya in almakashi ya yanke ta wurin aski.

Sista ta ce a'a. Ta ce yawancin tabunan nan haka za su zauna, amma a cikinsu akwai mai rikiɗewa ya zama sankara, kuma ba wanda ya san wanne ne. In kaɗan ne, sai ta fesa musu sanyin fulas, su yi bororo, su faɗi. Wanda ya yi kauri, ko yana jini, ko yana girma, ba ta taɓa shi. Sai likitan da ke zuwa da jirgi ya gani. In kuwa fuska duk ta cika, likita ya rubuta man shafawa na 'yan makonni. Man nan yana bin duk inda rana ta ɓata. Fuska ta yi jawur, ta saluɓe, ta yi ɓawo, sannan ta warke. A nan matsalar take.

Clarrie Dunstan makiyayin tumaki ne, mutum mai taurin kai. Yayansa Merv daga leɓe abin ya fara masa. Ya yi ta kankarewa har aka kai shi birnin Brisbane aka cire rabin muƙamuƙinsa, aka dawo da shi muka binne. Da likita ya ba Clarrie man, ya fara shafawa. Ana cikin haka ya zo kara, Keith Hannaford dillali ya hango shi daga kan dakalin gwanjo.

"Kai, Clarrie! Wa ya gasa ka ya manta bai juya ka ba?"

Wani ya ce, "Ku matsa da shi, kada bijimi ya ga ja ya taso mana."

Aka yi ta dariya. Clarrie ya juya baya. Ya koma mota, ya cilla man ƙarƙashin kujera. Matarsa Beryl ta yi magana har ta gaji, sannan ta je ta gaya wa Sista.

Sista ta bi shi har gona, tafiyar rabin yini a hanyar ƙura. Ta same shi yana ɗaure wayar shinge.

Ya ce, "In wa'azi kika kawo, Sista, ki ajiye a bakin ƙofa. Rana ta ci ubana, ta ci kakana, duk sun tsufa."

"Ta ci Merv ma. Shi bai tsufa ba."

Ya ci gaba da murɗa waya. Can ya ce, "Ba zafin man ya kore ni ba."

"Na sani. Bakin Keith ne."

"Namiji ba ya shiga kara da fuska kamar ɗanyar hanta."

Ta sha shayin da Beryl ta haɗa mata, ta koma.

Ranar kara ta gaba, ana shirin buɗe gwanjo, sai ta ɗaga murya: "Keith, zo nan. Cire malafar, zauna."

"Haba Sista, shanu na jira."

"Su jira. Su suna da gashi."

Ya zauna a gaban kowa. Ta rufe ido ta shafa sanƙonsa, ta ce, "Wannan kai ne ko hanyar tsakuwa?" Dariya ta juyo kansa. Ta tambaye shi ko likita ya taɓa gani. Keith ya sosa ƙeya ya ce, "Ya gani. Nawa man yana mota tun bara."

Sai ta juya ga taron ta ce duk mai irin man nan a ɓoye ya ɗaga hannu. Hannuwa suka yi ta tashi a hankali, kowa yana kallon ƙasa. Ashe kowa tsoron bakin ɗan'uwansa yake.

Ta ce, "To, ku kawo na bara in zubar, likita ya ba ku sabo. In an gama askin tumaki, sanyi ya shigo, rana ta yi sauƙi, duk rana ɗaya za ku fara. In kowa ya yi ja, in ga mai yi wa wani dariya."

Haka aka yi. Sanyin shekarar nan, baƙon da ya zo sayen shanu ya ga fuskoki ya ɗauka annoba ce ta shigo gari. Tsiya ba ta ƙare ba, sai dai ta zama ta kowa da kowa. Clarrie ya dubi Keith ya ce, "Kai kam an juya ka, har an ƙona." Ba wanda ya fasa.

Da fuskar Clarrie ta warke, ta yi sumul, sai wuri ɗaya a leɓensa na ƙasa da ya ƙi. Ɗan ƙulli mai tauri, wanda da yana ɓoye cikin kaushi. Sista ta tsare shi har jirgi ya sauka. Sankara ce, irin ta Merv, amma tana ƙarama. Likita ya yanke, ya ɗinke. Clarrie yana nan da ransa. Karnukansa ne kawai suka jima kafin su saba da sabon fitonsa. Tun daga lokacin, watan jan fuska ya zama al'ada a Kurrawin.

Ni ba mai yabo ba ne. Amma Sista, ke ce kika gane cewa kunya ta fi rana kashe mu. Ke ce mai yatsun da ba sa ƙyamar kan tsoho. Ba ki raina mu ba, ba ki kuma ji tsoronmu ba. Mun gode. Ku kuma samari, in gemun ɗan'uwanku ya kama da wuta, ku shafa wa naku ruwa. Ku sa malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu. In kun ji kaushi, ku ajiye wuƙa, ku je a duba. Wadda za ta gaji kujerar nan, ta yi koyi da mai ita.

Karar da ta wuce ita ce ta ƙarshe gare ta, gwiwoyi sun gaji. Tana naɗe teburinta sai Keith ya tsayar da gwanjo. Clarrie ya tako gabanta, ya cire malafa, ba wanda ya sa shi. Duk muka cire. Sanƙo fari fat a ko'ina, rana tana tsaka.

Ta dube mu, ta goge ido da bayan hannu, ta ce, "Ku mayar, marasa jin magana! Ba ku ga rana ba?"

Muka mayar.