Yadda Motar Surukina Ta Ƙyanƙyashe Zabi

Ku matso kusa, jikoki da 'ya'yan jikoki. Mai loma ya haɗiye, mai surutu ya ɗaure bakinsa. Wannan labari ba Gizo a ciki, ba Ƙoƙi. Ni ce a ciki, ni Tabawa ta Ollelewa, da ƙwai tara, da rago ɗaya, da mutumin da bakina ba ya faɗin sunansa.

Kun san fararen zabin gidan nan. Wurin uwata na gaje su, ita ma wurin tata uwar. Damanar bara ciwon kaji ya share garinmu, zabuwa ɗaya ta rage mini. Ta saka ƙwai tara, ita ma ta bi 'yan'uwanta. Na ɗora wa kaza guda da ta tsira, ta kwanta a kansu har saura ƙiris su fashe, sai muzuru ya ɗauke ta. Na zaga gari gida-gida, babu kaza mai kwanci. In ƙwan nan suka huce, irin uwata ya ƙare a duniya.

Aka kira mini 'yar farina ta Belbeji a salula. Ta ce, “Inna, ina da kaza mai kwanci. Kuma maigidan yana Tanout wajen kasuwa, gobe zai dawo. Ki same shi can ya taho da ke.”

DAGA OLLELEWA ZUWA TANOUT

Tun kafin ladan ya gyara murya na tashi. Na shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙwarya, na jera ƙwan, na rufe da auduga, na ɗaure ƙwaryar a cikina da zane biyu, na yafa mayafi. Na nufi bakin kasuwa inda Sule ke lodi.

Sule taubashina ne, ɗan ƙanen uwata, don haka bakinsa ba linzami a kaina. Yana haska ni da tocila ya ce, “La ilaha! Tabawa, ciki da furfura? Wa za mu yi wa barka?”

Na ce, “Kai dai ja akwalarka, tsohon banza. Ranar suna kai ne ragon.”

Motar Sule buɗaɗɗiya ce, 'yar Japan, tun haƙorana suna cike nake ganinta. Ƙofarta da igiyar rijiya ake ɗaure ta. Ba ta da makulli, wayoyi biyu yake haɗawa su gaisa, sai ta yi tari irin na mai shan taba, ta tashi. Ya ba ni gaba, inda wani ƙarfe ya leƙo daga kujera yana neman sanin wanda ya zauna.

Na ce, “Sule, wannan abin zai kai mu kuwa?”

Ya ce, “Jikinta ne ya mutu, zuciyarta ba ta ji labari ba. Tun da na saye ta ba ta taɓa kwana da ni a daji ba. Matata ma ta yi yaji sau uku, wannan ko sau ɗaya.”

Gaskiyarsa, ba ta tsaya ba. Amma daɗi kam babu shi. Duk ramin da ke tsakanin Ollelewa da Sabon Kafi sai da ta gaishe shi. Ni kuwa ban zauna ba, ban tsaya ba, na rataye a tsakani kamar mai tsallake wuta, don kada ƙwan su bugi juna. Abu ɗaya na gode mata: zafin injinta yana hudowa ta ƙasa, ƙwaina suka sha ɗumi. Da muka hau kwalta sai gwiwoyina suka yi hamdala.

A TANOUT

Hantsi ya ɗaga muka shiga. Sule ya zaunar da ni gindin itacen bedi kusa da tasha, inda masu motoci ke shan shayi. Duk motocinsu 'yan gida ɗaya ne da ta Sule, kuma kowa yabon tasa yake kamar mai tallan 'ya.

Wani Buzu mai suna Agali ya ce, “Ni tawa raƙumi ce aka sa wa ƙafafun roba. Sau ɗaya ta tsaya mini, bayan Tenhya. Na duba, ashe tun jiya esansi, man motar, ya ƙare, kunyata ce ta sa take tafiya.”

Ana cikin dariya sai ga wata doguwar katkat, motar shiga daji, mai ruwan toka ta tsaya, ba ƙara, ba hayaƙi. Uban su Balki ya fito, mijin 'yar farina. Na juya fuskata wajen katanga. Shi kuma ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa kamar mai neman allura.

Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. Mijin 'yar fari, ba na kallon idonsa, ba na ci a gabansa, ba na yi masa magana baki da baki. Sai dai a samu na tsakani. Ya ce, “Baba Sule, a gaida Inna, ya gajiyar hanya?” Na ce, “Sule, a ce masa lafiya lau.” Sule ya ce, “Kun ji juna ai, ku bar ni in sha shayina.”

Agali ya zaga motar yana shafa ta. Ya ce, “Wannan ce mai murhu?”

Ashe motar ita ma 'yar Japan ce, ta Kwatano aka kawo ta, Turawan ƙasar sanyi suka fara hawa. Akwai wani maɓalli a cikinta, in an danna sai kujerar gaba ta ɗau zafi. Sule ya riƙe ciki. Ya ce, “Murhu a kujera! A zafin ƙasarmu ta Damargu! Ka sayo mana bargo ma mu rufa wa rana.”

Uban su Balki ya ce, “Ban taɓa danna shi ba. Shi ne kaɗai aibinta. Shekara biyu ke nan makanike bai ga cikinta ba.”

Na zaga bayan katanga na ci ƙosai da kunu, don kada a ce an ga bakina yana motsi.

HANYAR BELBEJI

Bayan azahar muka kama hanya. Bayan motar cike yake da buhunan gishiri, da wani jan rago da ya saya zai yi kiwo. Dole na shiga gaba. Na manna fuskata ga gilashi, shi ma ya kafe idonsa a hanya.

Jama'a, kujerar nan! Na zauna sai ta karɓe ni kamar kakata ta goya ni. Muka bar kwalta muka shiga jar hanya, ina ganin ramuka suna tahowa, ina jiran su iso, ba su iso ba. Ƙwaina ko motsi.

Sai bawan Allah ya so ya girmama ni. Ya murɗa abin sanyin nan da suke kira kilim, ya kai shi ƙarshe. Iska ta fito kamar daga bakin randa. Tun muna ganin gonakin gero ina daurewa, har muka kai inda garken Fulani suka fi gonaki yawa. Na sa hannu cikin zane na taɓa ƙwai. Sun fara hucewa.

Ga Sule ya rage a Tanout. Babu na tsakani. Na waiwaya, sai muka haɗa ido da rago.

Na gyara murya na ce, “Kai rago, ka taɓa jin sanyi irin wannan a duniya?”

Uban su Balki ya ji daɗi, ya ɗauka yabo ne. Ya ce, “Rago, ka gaya wa Inna wannan kaɗan ne.” Ya miƙa hannu ya juyo da sauran ramukan iskar duka wajena.

Ragon ya ce, “Baaa.”

Haƙoran da suka rage mini guda huɗu suka fara gaisawa. Na ce a raina, Tabawa, kunya gado ce, zabi ma gado ne, yau sai ɗaya ta matsa wa ɗaya. Na ce, “Rago, kai da ke da gashi ba ruwanka. Amma da a ce wata tsohuwa tana ɗauke da ƙwan zabi tara a cikinta, saura ƙiris su fashe, me za ka ce?”

Motar ta yi wani ɗan tangaɗi. Ya kashe kilim nan take. Ya ce, “Subhanallahi! Rago, don me ba ka faɗa tun a Tanout ba?”

Na ce, “Rago, na kuma ji ana zancen wani murhu.”

Sai ya ce, “Rago, ka shaida, ba don Inna ba, da har in sayar da motar nan ban taɓa shi ba.” Ya yi bisimilla ya danna.

Na kwance ƙwaryar na ajiye ta kan kujera tsakanin cinyoyina, na baza zane na rufe, na zauna a kai kamar kaza. Ɗumi ya taso. Ƙwai suka ji daɗi. Ni kuwa na fara dahuwa daga ƙasa kamar wainar da aka manta a tanda. Amma ni na roƙa, da wane baki zan ce a kashe?

A wata mararraba jandarmomi suka tare mu da igiya. Wani dogo ya leƙo, ya duba takardun mota, ya dube ni ina zuba gumi kamar an tsamo ni daga rijiya. Ya ce, “Iya, lafiya? A kai ki likita?”

Na ce, “Lafiya lau, ɗana. Kwanci nake.”

Ya dubi uban su Balki. Shi kuma ya waiwaya ya ce, “Rago, a tambayi Inna ko in yi masa bayani.”

Jandarman ya dubi rago, ya dube ni, ya ja da baya taku biyu. Ya sauke igiyar da kansa ya ce, “Ku tafi, Allah ya ba ku lafiya dukanku.”

Gaba kaɗan muka tarar da korama ta kawo ruwa, wata babbar mota ta kafe a tsakiya, mutane sun naɗe wando suna turi. Uban su Balki ya ja wani ƙaramin sanda kusa da gwiwarsa, motar ta yi gurnani ƙasa-ƙasa, ta shiga ruwan ta fita kamar saniya ta tsallake kwata. Na ce, “Rago, a gaida Japan.”

A BELBEJI

Rana ta yi ja muka shiga gida. Na fito da ƙyar, zanena ya manne. Hajiya Kande, uwar mijin 'yata, ta taho da gudu ta rungume ni. Ta ce, “Maraba da babbar baƙuwa! Ki shigo, na sa an yanka miki kaza.”

Na ce, “Wace kaza?”

Ta ce, “Wata malalaciya da ke kwance a akurki dare da rana, ba ta ko kiwo. Ita ce ta yi sauƙin kamu.”

'Yata ta fito daga madafa, hannu a ka. Ta je rijiya ne, kafin ta dawo an fige. Ga ƙamshin miya ya cika gida, ga uwar da na yi tafiyar yini guda domin ta tana tafasa da albasa. Ban yi kuka ba, don ba a kuka a gidan surukai. Na ce, “Madalla, Hajiya, an gode da karamci.”

Aka aika maƙwabta, babu mai kwanci. Ƙwarya a hannuna, na kara ta a kunne, sai na ji can ciki ana ƙwanƙwasawa, ƙwas, ƙwas. Ga iskar damina ta fara kaɗawa.

An ɗaure ragon a turke tsakar gida. Uban su Balki yana tsaye can bakin zaure. Na taka har gaban ragon, a gaban Hajiya Kande da 'yata da duk wanda ya zo kallo, na ce, “Rago, ka san halin da ake ciki. Ba ni da bakin roƙo.”

Ya ce, “Rago, ka ce wa Inna ta ci abincinta ta kwanta. Motar nan in an ce ta kwana tana aiki, za ta kwana.”

Ya shigo da ita har tsakar gida, ya ɗora ƙwaryar a kujerar gaba, ya ja ɗamarar nan ta mota ya ɗaure ta, ya danna murhu, ya bar inji yana numfashi. Ni kuma na shiga ɗaki na ci kazar. Allah ya jiƙanta, ba ta da nama, amma miyar ta yi daɗi.

Da muka sallame sallar asuba na fito. Injin yana nan yana numfashinsa, bai canza murya ba. Na buɗe ƙofa. Bakwai sun fito, jiƙe-jiƙe, suna tsiwa a kan kujerar Turawa. Biyu Allah bai yi ba. Hajiya Kande ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar mace ce ko namiji.

KOMAWA GIDA

Na zauna Belbeji har 'yan zabin suka yi fiffike. Duk yamma in motar ta dawo daga kasuwa, sai su ruga ƙarƙashinta su kwanta a ɗuminta. Na bar wa 'yata uku, na ɗauko huɗu a kwando. Uban su Balki ya kawo ni har ƙofar gidana a Ollelewa, rago a baya, kilim a kashe. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Sule da akwalarsa, na gode wa mutanen Japan, ko da ba su san sun ƙera kaza ba.

Sule yana nan yana lodi, an sake wa ƙofar igiya. Agali, na ji an ce ya je yana tambayar makanikai ko ana sa wa tsohuwar mota murhu. Hajiya Kande ba ta ƙara yanka kaza ba sai ta ɗaga ta ta duba ƙarƙashinta. Motar kuwa, duk Belbeji yanzu Uwar Zabi ake ce mata, kuma mai ita ba ya tashinta da safe sai ya durƙusa ya roƙi 'ya'yanta su fito. Zabina huɗu sun zama garke, ga su can kuna jin kukansu.

Ragon fa? Babbar salla ta zo, mahauta suka taya, aka ce a yanka. Uban su Balki ya ce ba mai taɓa shi, in aka yanka shi da wa zai riƙa gaida Inna? Jiya ma ya kira a salula. Aka kara mini a kunne, na ji ya ce, “Rago, a tambayi Inna ya ƙafa.” Na ce, “Rago, a ce masa da sauƙi.” Ragon ya ce, “Baaa.”

Ƙurunƙus kan zabuwa. Wanda bai yarda ba, ga hanyar Belbeji nan, ya je ya tambayi rago.