Keken da Babu Kowa a Ciki

Ina zaune a ƙofar asibiti sai ga wata mata tana turo keken guragu, babu kowa a ciki sai ɗan bargo a ninke. Gajeriya ce kakkaura, takalmanta sun cinye ta gefe guda, damatsanta irin na wadda ta saba ɗaga babban mutum daga gado. Kowa sauri yake yi, ita kuwa tana kauce wa kowane rami.

A bakin matakala ta tsaya, ta sunkuya, ta ce, "Baba, za mu hau, riƙe da kyau."

Sai ta toshe bakinta da hannu.

Ina jin ba 'yarsa ba ce, don rigar aiki ce a jikinta. Aiki ne ya haɗa su, wanka da ciyarwa, har bakinta ya saba sanar da shi kafin keken ya girgiza.

Mai gadi ya ce, "Yaya, yau ina mutumin naki?"

Ta ce, "Allah ya karɓi abinsa. Keken ne na dawo da shi."

Ya kama keken zai fizgo shi sama. Ta dafe hannunsa.

"Haba malam, a hankali mana."